Mun Kai Aku Yaye Lau, Baba Ya Daina Cin Abinci

Assalamu alaikum Malam Maishanu,

Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na san masu rubuto maka manoma ne da makiyaya, masu maganar shanu da awaki da kaji, dabbobin da ake ci da su. Ni kuwa maganar tsuntsu ɗaya tal na kawo, tsuntsun da ba a yanka shi, ba ya ƙwai, ba ya kawo komai gida sai ɓarna da shara. Kada ka yi mini dariya. In ma za ka yi, ka yi, amma ka karanta har ƙarshe, domin lafiyar mahaifina ce a maƙale da tsuntsun nan.

Ni ma'aikaciya ce, ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a nan Jalingo. Da a Yola nake, da aka ba mu jiha aka maido mu gida. Aurena ya mutu tun kafin nan, saboda haka a gidanmu na unguwar Turaki na sauka, wajen iyayena. Bara da kaka Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa. Tun da aka share makoki Baba ya zama wani iri. Tela ne, ya yi shekaru yana ɗinki a Kasuwar Jalingo kafin ido ya hana shi. Mutum ne mai son tuwonsa da miyar kuɓewa, wanda in an makara da abinci har madafa yake leƙowa yana tambaya ko an fasa ne. Sai ga shi an wayi gari in na ajiye masa kwano, yadda na rufe shi haka nake zuwa in ɗauke shi. Babu abin da ban dafa ba. Na yi farfesun kifi, na yi dambu, na yi masa irin miyar da Inna ke yi masa, wannan ma da ya buɗe ya ji ƙamshinta sai ya mayar da murfi ya juya baya. Na kai shi asibiti, likita ya ce hawan jini ne da damuwa, ya rubuta magani ya ce a sha bayan an ci abinci. To ina abincin? Rigunan da ya ɗinka wa kansa da hannunsa suka koma kamar na aro.

Ana cikin haka sai ƙanena Sadisu, wanda ke tuƙa motar katako, ya dawo daga dajin wajen Baissa da kwali a hannu. Wai masu yankan katako sun kada wata babbar bishiya, aka tarar da 'ya'yan aku biyu a kogonta. Ɗaya ya mutu nan take, shi kuma ya ɗauko ɗayan. Malam, ban taɓa ganin halitta mai muni irin wannan ba. Kai ƙato, baki baƙi lanƙwasasshe, jiki kamar na kazar da aka fara figewa aka bari. Na ce ya mayar da abinsa inda ya samo, mu da ke fama da mara lafiya ba mu da lokacin reno. Sai Baba, wanda ya yi watanni bai ce a ba shi komai ba, ya miƙo hannu ya ce a ba shi kwalin.

Da safe na dama masa kunun gyaɗa kamar kullum, wanda kullum sai dai in ɗauke shi ya huce. Na dawo ɗaukar kofi sai na iske ya sa filaya ya lanƙwasa gefen wani ƙaramin cokali, yana ɗura wa tsuntsun. Kafin ya ba shi sai ya fara kai cokalin bakinsa ya ji ko da zafi. Ya ɗanɗana ya ba shi, ya ɗanɗana ya ba shi. Da tsuntsu ya ƙoshi, Baba bai ma lura ba ya kafa kai ya shanye sauran. Na laɓe a bayan ƙofa na yi kuka mai isata. Washegari na canza kofi na sa wanda ya fi girma, bayan 'yan kwanaki na sake canzawa, har muka kai ga kwanon sha. Da haka ya koma shan maganinsa, ya ɗan yi kumari, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya raɗa wa tsuntsun suna Auta. Sadisu da ya riƙe wannan muƙami tun haihuwarsa aka sauke shi ba ko takardar sallama.

Yanzu Auta ya kai wajen wata biyar a lissafina. Gashi ya rufe shi, ruwan toka da jar wutsiya, yana tashi daga kan keken ɗinkin Baba zuwa bakin ƙofa ya dawo. Amma ko ƙwayar dawa ɗaya bai taɓa ɗauka da bakinsa ba. In yunwa ta kama shi sai ya tsuguna ya saki fukafukai, yana kaɗa kai yana wani irin kuka mai shiga ƙwaƙwalwa, har sai Baba ya zo da cokali. Kuma ba kunu kaɗai ba. Duk abin da ya shiga bakin Baba sai ya shiga na Auta: shayi da madara da suga, jiƙaƙƙen burodi, ƙuli-ƙuli, kindirmo in an samu, har alawar da masu zuwa dubiya ke kawowa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne goro. Baba zai tauna ya turo leɓe, Auta ya sa baki ya ɗauka. Ranar da ya ci goro ba ya iya zama wuri ɗaya. Kashinsa ruwa-ruwa ne, ni ce mai gogewa, na sani. Wani lokaci yakan amayar da kunun, da wani wari mai tsami. In na yi magana sai Baba ya ce ai ni ma haka aka raine ni, ga ni nan ban mutu ba.

Sai Goggo Asta ta zo duba shi daga Lau. Ƙanwar Baba ce, kuma a danginmu ita ce mai yaye. Duk yaron da ya isa cirewa daga nono gidanta ake kai shi, a bar shi can har ya manta. Ita ta yaye ni, ita ta yaye Sadisu, kuma tana alfahari da cewa ba a taɓa kai mata yaro ya gagare ta ba. Ta zauna ta ƙare wa Baba da Auta da cokalinsu kallo, sannan ta ja ni ɗaki ta ce ɗan nan ya wuce yaye, kuma muddin yana ganin mai ba shi ba zai taɓa ci da kansa ba, dole a raba su. Maganar ta shige ni, don haka na ga ana yi tun tasowata. Kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai haushi a raina. Ni 'yarsa na yi watanni ina tsaye a kan murhu kafin in tafi ofis da bayan na dawo, ya ƙi kallon kwanona, tsuntsu ya zo ya wangale baki shi ke nan ci ya dawo. Kishin tsuntsu nake yi, Malam, da girmana da komai.

Ranar Juma'a, da Baba ya tafi masallaci, muka sa Auta a keji muka rufe da zane. Ni na ɗauka har tasha, Goggo ta wuce da shi Lau. Da Baba ya dawo na gaya masa an kai Auta yaye gidan Goggo, kwana kaɗan zai dawo yana ci da kansa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dubi kan keken ɗinki, ya wuce ɗaki. Da yamma kunu ya dawo yadda na kai shi, haka da safe, haka washegari. Magani ma ya daina sha.

A can Lau kuwa Goggo ta yi duk abin da ta sani. Ta zuba masa dawa da gero da ruwa ta ƙyale shi, wai yunwa za ta koya masa. Da ya dame ta da kuka sai ta shafa maɗaci a cokali ta miƙa masa, yadda ake shafa wa nono, don ya tsani cokalin. Har rubutun dangana ta karɓo wajen malaminta ta zuba masa a ruwa. Auta ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe, daga nan ya yi shiru, ya kumbura gashi ya rufe ido, bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Shirun nan ne ya tsorata Goggo. Ga wahalar mai, motoci ba sa samuwa, da ƙyar ta sami direban da ya kawo mana shi, tare da saƙon cewa ita 'ya'yan mutane ta saba yayewa, wannan kam ta sallama.

Da na ɗauke shi sai na ji kamar babu komai a hannuna, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa. Baba ya karɓe shi bai dube ni ba, ya ce in dama kunu. Da farko Auta ƙin cokalin ya yi, yana ja da baya, sai da Baba ya sha a gabansa, ya sake sha, sannan ya yarda ya buɗe baki. Ranar su biyun suka sha.

Yanzu dukansu sun ɗan farfaɗo, amma gidan bai koma yadda yake ba. Auta ya fi da naci, ba ya barin Baba ya je ko nan da can, in na matso kusa sai ya kawo mini cizo. Baba kuma don rarrashi ya ƙara masa kayan daɗi, alawa da goro sun ninka, gudawar ba ta tsaya ba. In zai fita sai ya kulle shi a ɗakinsa ya tafi da makulli, a gidan da tun ina yarinya ba a taɓa kulle mini ƙofa ba. Wannan makullin ya fi komai yi mini ciwo.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Sadisu ya ce a ƙyale su, in wannan ya mutu ya kawo wani, daji cike yake da su. Goggo ta aiko cewa da an ƙara haƙuri kaɗan da ya ci. Maƙwabciyarmu Esta, mutuniyar Mambila ce mai kirki, ta ce tsuntsun daji 'ya'yan itace yake so, in ta dawo daga Gembu a ƙarshen wata za ta kawo mana fiya, mai koren ɓawon nan da ƙaton ƙwallo a ciki, mai laushi wadda ko jariri zai iya ci, mu fara masa da ita. Ita nake jira.

Ga inda na tsaya, Malam. In Auta ya koyi ci da kansa, aikin cokali ya ƙare, kuma da cokalin nan ne Baba ke ci. In aka bar su a haka, ina gani da idona abincin nan yana cinye tsuntsun, ranar da ya faɗi kuwa na riga na san abin da Baba zai yi, na gani lokacin da aka kai shi Lau. Wanne zan zaɓa? Shin ana yaye aku, ko haka ake ta ɗura masa har abada? Me ake ba shi, me ake hana shi? Kuma yaya zan yi da mahaifin da ya daina yarda da ni? Ka taimake ni don Allah.

Taka,
Wata 'yar Turaki, Jalingo

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na tsallake wasiƙu da dama na sa taki a gaba saboda magana ɗaya: kada fiyar nan ta shiga bakin Auta, ko ɗan yanki. Fiya abinci ce mai kyau ga mutum, amma guba ce ga aku, takan kama masa zuciya da numfashi, cikin kwana ɗaya ko biyu a rasa shi. Esta alheri ta yi niyya. Ki karɓa ki gode mata, ku ci abinku inda Auta ba ya gani, a kwashe ɓawo da ƙwallon a zubar.

Dariya kuwa na yi ta wajen Sadisu da aka sauke daga muƙami. Sauran wasiƙar babu abin dariya a ciki.

Kada ki ga laifin Goggo, kada kuma ki ɗora wa kanki fiye da kima. Dabararta ta 'ya'yan mutane ce. Yaron da ake kai mata ya riga ya san tuwo da kunu, nono kawai ake raba shi da shi. Auta kuwa bai ma san cewa ƙwayar dawa abinci ce ba, da ita da tsakuwa duk ɗaya ne a wurinsa. A daji iyayen aku ba sa korar ɗansu. Suna ci gaba da ɗura masa har bayan ya fara tashi, yana bin su daga reshe zuwa reshe, yana kallon abin da suke ci, yana wasa da shi, har ya iya. Ɗan aku mai jin yunwa ba ya koyon komai, roƙo kawai ya sani. Wanda cikinsa ya ɗauka shi ke da sukunin ɗaukar abu ya jujjuya ya fasa ya ɗanɗana. Goggo ta yi gaskiya da ta ce ya isa yaye, har ma ya ɗan wuce, domin galibi daga wata uku zuwa huɗu suke fara ci da kansu. Baba ma yana da tasa gaskiyar, ba a raba irin wannan tsuntsu da mai ba shi abinci. Inda ya kauce shi ne abin da yake zuba masa.

Kafin komai, gudawa da amai mai tsami ba abin jira ba ne. Ku kai shi wajen likitan dabbobi cikin makon nan, kuma Baba ne zai ɗauke shi da hannunsa, ke rakiya za ki yi. A gindin wuyan tsuntsu akwai wata 'yar jaka inda abinci ke taruwa kafin ya wuce ciki. Suga da madara da kunun da ya daɗe a ajiye sukan sa abin da ke cikinta ya yi tsami, ina kuma zaton abin da ke damun Auta ke nan. Kada ki saya masa maganin kaji ko kafson mutane ki ba shi da ka. Babu kuma maganar yaye sai ya warke, ƙirjinsa ya cika, kin daina jin kaifin ƙashin nan.

Sai kunu. Daga yau kofi biyu, cokali biyu. Na Auta a yi shi da gero ko masara, ya dahu sosai, da 'yar gyaɗa kaɗan wadda aka tsince, babu suga, babu madara, babu tsamiya, babu gishiri. Ki murje masa ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai a ciki, wata rana dafaffen dankali ko kabewa. Kada ya yi ruwa tsululu, kada ya yi kaurin da ba zai zubo daga cokali ba. Zafinsa a ɗiga a bayan hannu a ji, ɗumi ake so. Mai zafi yakan ƙone jakar nan, mai sanyi yakan tsaya a cikinta. Kowane lokaci a dama sabo, wanda ya rage a zubar. Da safe kafin a ba shi a shafa gindin wuyan, ya kamata a ji jakar ta sauka babu komai. Ba shi abinci baki da baki kuma a daina, haka ma haɗa cokali, domin a bakin mutum akwai ƙwayoyin cutar da ba sa damunmu amma sukan kada tsuntsu. Sauran tsarin kada a taɓa shi. Baba ya ci gaba da shan nasa a gabansa, ya sha ɗaya ya ba shi ɗaya, kamar yadda suka saba.

Goro da shayi su ne a kan gaba cikin abin da za a hana shi. Abin da ke hana babban mutum barci a goro, ki auna shi a jikin da bai kai rabin kilo ba. Rashin zaman da kike gani ranar da ya ci, zuciyarsa ce ke gudu. Alawa da cakulan da lemon kwalba babu su. Madara da kindirmo cikinsa ba ya iya sarrafa su. Ƙuli-ƙuli gishiri ya yi masa yawa, albasa ma a kiyaye. Duk gyaɗar da ta yi funfuna ko ɗaci kada ta kusance shi, takan lalata hanta a hankali ba a sani ba.

Na san Baba ba zai iya zama hannu wofi ba, mai reno sai da ɗan abin rarrashi. To a canza masa abin da ke aljihu. Gyaɗa mai kyau ƙwaya ɗaya ko biyu, ɗan yankin mangwaro ko gwaba, ko jar kwakwar manja, wadda ita danginsa ke ci a dajin da aka ɗauko shi, kuma ana samunta a kasuwa. Sai dai a lura da lokacin bayarwa. In aka ba shi yana tsakiyar ihu, an koya masa ihu ke nan. A ba shi in ya natsu, ko in ya ɗauki wani abu da bakinsa.

Yanzu ga babbar tambayarki. Amsar tana cikin wasiƙarki, ki koma ki duba. Kin ce da Auta ya dawo daga Lau ya ƙi cokali sai da ya ga Baba ya sha. Haka halinsu yake. Aku tsuntsun garke ne, abin da ya ga nasa na ci shi yake yarda da shi, kuma duk garken Auta a duniya Baba ne. Saboda haka babu mai iya yaye shi sai Baba, shi ma ba zai iya ba sai yana ci a gabansa.

Ga yadda za a yi idan ya warke. Ki shirya faranti da yankakkiyar gwanda da ayaba, dafaffen dankali, kabewa, wake mai laushi, dafaffiyar masara, jiƙaƙƙiyar dawa, da ɗan ganyen zogale, duk babu gishiri, abin da likitan Baba ma zai yi murna da shi. A fara ba Auta kunu kamar rabin abin da ya saba sha, don hankalinsa ya kwanta, sannan a ajiye farantin tsakaninsu. Baba ya ɗauka ya ci a sarari, yana nuna daɗi, ya bar tsuntsun ya matso don kansa. Da farko ba ci zai yi ba. Zai ɗauka ya yar, ya farfasa, ya watsa, mafi yawa a ƙasa zai ƙare, sharar kuma taki ce, sai haƙuri. Wasan nan shi ne karatun. In kin ga ya fara haɗiyewa sosai, a janye kunun rana. In ya riƙe jikinsa, a janye na safe. Na yamma shi ne na ƙarshe, ko ya ɗauki watanni yana shansa babu laifi. Kullum a shafa ƙirjinsa, in ƙashi ya fara fitowa a koma baya taki ɗaya, babu kunya a ciki. Kada ki sa masa ranar gamawa kamar aikin ofis.

Kin ga ke nan ba zaɓi tsakanin Baba da Auta ke gabanki ba. Cokali zai ƙare, amma faranti ba ya ƙarewa, domin aku har tsufansa tare da nasa yake son ci. Mutumin da yau kunu kaɗai ke riƙe da shi, yayen nan ne zai sa shi tauna wake da dankali safe da yamma.

Amma duk wannan ba zai yiwu a bayan idonsa ba. Ki same shi ki durƙusa ki ba shi haƙuri a kan tafiyar Lau, a sarari, ba tare da kin jingina laifin ga Goggo ba. Sannan ki karanta masa shafin nan, musamman wajen goro. Mutumin da ya zauna ya gyara cokali don ya dace da bakin tsuntsu ba zai ci gaba da ba shi abin da ya san zai kashe shi ba. Ki ce masa aikin nasa ne, ke mai yanka gwanda ce kawai. Maganar makulli kada ki tayar, ranar da zuciyarsa ta sauko shi zai bar ƙofar a buɗe. Ki kuma gaya wa likitansa cewa ya yi kwanaki bai sha magani ba, a sake auna jininsa.

Kishin da kika ambata ba abin kunya ba ne, duk wanda ya yi jinya ya san shi. Baba bai ƙi ki ba. Mutum ne da ya ciyar da gida duk rayuwarsa, aka wayi gari ido ya tafi, mata ta tafi, kowa yi masa yake yi, babu mai neman komai a hannunsa. Kwanonki wannan yake tuna masa, Auta kuwa da yunwa ya zo masa. Na san ba mu saba 'ya ta zauna ta ci a gaban ubanta ba, amma ki daina ajiye kwano ki fice. Ki zauna a bakin tabarmar, ki ɗauki gwanda daga farantin, wata rana ma ki ce ya miƙo miki. Da haka Auta zai sa ki cikin garke ya daina cizonki.

Sadisu ki gaya masa in ji ni kada ya sake ɗauko wani. Yawancin waɗanda ake rabowa da kogo ba sa kai labari, kuma Baba ba zai karɓi wani a madadin Auta ba. Goggo kuwa a aika mata da godiya, tare da goron da aka hana tsuntsu.

Abu na ƙarshe, 'yata. Akun da aka riƙe da kyau yakan yi shekara arba'in, har fiye. Nan da wasu watanni zai fara kwaikwayon magana, kuma muryar wanda ya fi zama da shi yake ɗauka, har da tarinsa da yadda yake kiran mutanen gida. Allah ya ja da ran Baba, amma ke ma kin san yadda lissafin yake. Ki kula da tsuntsun nan da kyau, ki riƙa zama inda Baba zai kira sunanki a gabansa. Wata rana za ki dawo daga aiki ki ji an kira ki da wannan muryar, a lokacin da babu sauran mai kiranki da ita.

Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan mahaifiyarku, ya raya Auta, ke kuma ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi.

Naki,
Malam Maishanu